Ku Tambaya Mu Amsa: Linkin Park, albam ɗinsu da maganar lamba ɗaya a Amurka

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon akwatin saƙonmu kusan magana ɗaya ce ta cika shi, wato ƙungiyar mawaƙan rok ɗin nan ta Amurka, Linkin Park. Na tsamo guda biyar daga ciki, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili, amma ban taɓa maganar kowa ba.

"Slm Malam, da fatan kana lafiya. Dan Allah ka raba mana gardama ni da abokin ɗakina, shi ya dage wai In the End ce waƙar Linkin Park da ta hau lamba ɗaya a Amurka, ni kuma na ce Numb ce tunda ita ake ji ko'ina. Mun yi yarjejeniya duk wanda ya faɗi shi zai riƙa ɗebo ruwa sati guda. Ngd." Daga wani ɗalibi a Samaru.

Toh ƙanina, sai dai ku riƙa ɗebo ruwan tare, don babu wanda ya ci a cikinku. Linkin Park ba su taɓa hawa lamba ɗaya a babban jadawalin waƙoƙi na Amurka ba, wanda mujallar Billboard ke fitarwa duk sati da sunan Hot 100, ko sau ɗaya. Abokin naka dai ya fi ka kusa, In the End ta kai lamba 2 a shekarar 2002, Numb ɗinka kuwa a lamba 11 ta tsaya. Duk tarihinsu waƙa uku ce kacal ta shiga cikin goman farko, In the End ɗin, sai What I've Done da ta kai lamba 7 a 2007, sai New Divide da ta kai lamba 6 a 2009, kuma waɗannan biyun na baya duk a finafinan Transformers aka saka su.

Nasan za ka ce to ya aka yi waƙar da duk duniya ta haddace ta kasa hawa saman jadawali. Dalilin yana nan a yadda ake lissafin. A farkon shekarun 2000 abun da ya fi nauyi a Hot 100 shi ne sau nawa gidajen rediyon Amurka suka saka waƙa da kuma yawan mutanen da ke sauraren tashoshin, su kuma manyan tashoshin nan sun fi son waƙa mai laushi ko gambara wadda kowa zai iya bari tana yi a shago ko a mota, ba wadda mutum zai ƙwala ihu a tsakiyarta ba. Sannan kamfanonin waƙa a lokacin sun rage sayar da waƙa ɗaiɗai a faifai a Amurka, so suke in kana son waƙar ka cire kuɗi ka sayi albam ɗin gaba ɗaya. Sai a 2005 aka fara saka waƙoƙin da mutane ke saya ta intanet cikin lissafi, shi ya sa What I've Done tana fitowa ta faɗa lamba 7 kai tsaye, masoyansu ne suka yi rububin sayenta a satin farko.

Inda ƙarfinsu yake shi ne ɗaya jadawalin, na albam, Billboard 200. Can kam sau shida suka hau lamba ɗaya. Amma ga abun da nake so ku biyun ku lura da shi, don shi ya fi gardamar taku muhimmanci a wurina. Albam ɗinsu na farko, Hybrid Theory, wanda ya fito ranar 24 ga Oktoba 2000, wanda In the End ke ciki, bai taɓa hawa lamba ɗaya ba. A lamba 16 ya shigo, ya riƙa tafiya a hankali, har ya tsaya a lamba 2. Amma kuma shi ne albam ɗin da aka fi saya a duk Amurka a shekarar 2001, kwafi miliyan 4.8 a shekara ɗaya, kuma a 2005 ya samu shaidar wuce kwafi miliyan 10. Shi kuwa One More Light na 2017 ya hau lamba ɗaya da adadi 111,000 kawai a satin farko. Kenan wanda ya sayar da miliyoyi bai samu rawanin ba, wanda ya yi dubu ɗari da 'yan kai ya samu. Jadawalin nan kamar kasuwar ƙauye ne mai ci sati-sati, wanda ya fi ciniki ranar shi ne gwarzon ranar ko da kasuwar ba ta cika ba, in kuma ka zo ranar da babban dillali ya sauke kaya to sai haƙuri duk kyawun naka. Ku daina ɗaukar lamba ɗaya a matsayin shaidar waƙar da ta fi.

"Malam barka da ƙoƙari. Ni ina tura waƙoƙi da finafinai a memori ne a wajen PZ, kuma yanzu samari suna yawan tambayar Linkin Park, wani ma cewa yake albam kaza yake so cikakke. Ni kuma folda ɗaya gare ni duk a cakuɗe sun fi ɗari biyu. Wai albam nawa suka yi ne takamaimai, kuma ya zan jera su?" Daga mai tura waƙoƙi, Sabon Gari.

Ɗan'uwa sannu da sana'a, Allah ya ba da kasuwa. Wannan cakuɗewar ba daga kanka ta fara ba. Tun zamanin sidi muke fama da ita, duk wanda ya yi sayen faifai a kasuwar Sabon Gari wancan lokacin zai tuna irin faifan nan da ake sakawa a 'yar leda da takarda mai hoton mutum shida sun murtuke fuska, a baya an jera sunayen waƙoƙi da ƙananan rubutu rabi ba daidai ba, ka kai gida ka saka sai ka ji waƙa ta bakwai muryar wani ce daban. Daga waɗannan faifan aka kwafe zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa memori, kuskuren ya biyo mu har yau.

Albam na ainihi wanda suka shiga situdiyo suka tsara sababbin waƙoƙi guda takwas ne. Ka buɗe folda takwas. Na farko Hybrid Theory na 2000, da One Step Closer da Papercut da Crawling wadda ta ciyo musu kyautar Grammy ta farko a 2002. Na biyu Meteora, wanda ya fito ranar 25 ga Maris 2003, shi ne na Numb da Faint da Somewhere I Belong da Breaking the Habit, kuma a satinsa na farko kawai an sayi kwafi 810,000 a Amurka, ba su sake kamo wannan adadin ba har yau. In kwastoma ya zo bai san me yake so ba, waɗannan biyun za ka tura masa, su ne sautin da mutanenmu suka sani, Mike Shinoda na zuba gambara, Chester Bennington na ɗaukar amshi da muryar nan tasa mai tashi daga laushi zuwa ƙaraji cikin numfashi ɗaya, Joe Hahn kuma na murza faifai a ƙarƙashi.

Na uku Minutes to Midnight na 2007, nan suka ɗauko furodusa Rick Rubin suka rage gambarar, kwafi 623,000 a satin farko, lamba ɗaya. Na huɗu A Thousand Suns na 2010, kuma zan tsaya a kansa kaɗan don shi ne wanda folda irin taka ta fi zalunta. Wannan albam ɗin ba a yi shi don a tsinci waƙa ɗaya a jefar da saura ba, an ɗinke shi ne daga farko har ƙarshe kan tsoron yaƙin nukiliya da abun da ɗan Adam ke iya yi wa kansa, waƙa na shiga cikin waƙa ba tsayawa, a tsakani ana jin muryar Robert Oppenheimer wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, da wani yanki na jawabin Martin Luther King. In ka watsa shi cikin cakuɗe sai mutum ya ji wata 'yar guntuwa ta minti ɗaya ya ɗauka fayil ɗin ne ya lalace ya goge. Lokacin da ya fito masoyansu sun rabu biyu a kansa, wasu har suka ce ƙungiyar ta ɓace hanya, ni kam a wurina shi ne aikinsu da ya fi ƙarfin hali. Dan Allah ka saka wa waƙoƙinsa lamba 01, 02 har 15 a gaban suna don waya ta bi su a jere.

Saura kuma Living Things na 2012, wanda ya hau lamba ɗaya da 223,000, da kyar, don tazarar da ya ba albam ɗin Maroon 5 da suka fito sati ɗaya ba ta wuce kusan kwafi dubu ba. Sai The Hunting Party na 2014 mai zafin jita, ya tsaya a lamba 3, har tsohon gwanin gambara Rakim yana ciki. Sai One More Light na 2017, sai From Zero na 2024.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin takwas ɗin amma nasu ne, su sai ka yi musu folda daban. Reanimation na 2002 sake yi wa waƙoƙin albam na farko kiɗa ne. Live in Texas na 2003 wasan dandali ne aka naɗa. Collision Course kuma, wanda suka yi da Jay-Z ya fito ranar 30 ga Nuwamba 2004, waƙa shida ce kawai a ciki, an haɗa nasa da nasu, amma ya hau lamba ɗaya da kwafi 368,000, kuma daga cikinsa Numb/Encore ta fito wadda ta ci Grammy a 2006. Da yawa daga cikinmu nan Zariya ta wannan ƙofar muka san su, sunan Jay-Z muka bi. Abu na ƙarshe, ka duba folda ɗinka nasan za ka tarar da Remember the Name da Where'd You Go an rubuta Linkin Park a kansu. Ba nasu ba ne, na Fort Minor ne, aikin gefe da Mike Shinoda ya yi a 2005. Ka cire su ka ba su nasu wurin.

"Yaya ina wuni. Tambayata gajera ce, mu da muke jin waƙoƙin nan a nan, ana ƙirgawa da mu a Billboard ɗin?" Daga wata ɗaliba a Kongo.

Lafiya lau ƙanwata. A'a, ba a ƙirga mu a Hot 100 ko Billboard 200, su biyun cinikin cikin Amurka kawai suke lissafawa. Tun 1991 ake ɗaukar adadin kai tsaye daga na'urar biyan kuɗi ta shaguna, a ƙarshen 2014 kuma aka shigo da saurare ta intanet cikin lissafin albam, inda aka ce saurare 1,500 daidai yake da sayen albam ɗaya, a 2018 aka sake raba shi, na masu biyan kuɗin manhaja 1,250, na masu ji kyauta da talla 3,750. Shi ya sa ma ba a haɗa adadin 2003 da na 2017 kai tsaye, na farko faifai ne mutum ya je shago ya ɗauka, na biyu haɗe-haɗe ne. A 2020 Billboard ta buɗe jadawalin duniya, Global 200, shi kam yana ɗaukar saurare daga ƙasashe da yawa, a nan gida ma akwai TurnTable da ya fara a shekarar. Amma duk wannan sai in ta manhaja kika ji. Waƙar da aka tura miki ta Xender ko aka zuba miki a memori babu littafin da ta shiga.

Wannan abun yana damuna gaskiya. Shekara ashirin da wani abu ana jin Numb a ɗakunan kwanan ɗalibai da shagunan aski da wayoyin 'yan acaɓa a garin nan, kuma ko ɗaya ba a rubuta ba. Haka ma namu, wa zai iya faɗa miki kaset ɗin Mamman Shata nawa aka saya a Arewa? Ga kuma wani abun, Calm Down ta Rema da Selena Gomez ta kai lamba 3 a Hot 100 a 2023, kenan a lissafin jadawali ta wuce duk waƙoƙin Linkin Park in ban da guda ɗaya. Abun alfahari ne gare mu, amma ki riƙe cewa lambar labarin sati ɗaya take bayarwa a ƙasa ɗaya.

"Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ɗana ɗan shekara sha bakwai kullum abu na kunnensa yana jin waɗannan mutanen, ya rage magana, ya rage fita. Ƙanwarsa ta ce min wai mawaƙin kashe kansa ya yi. Hankalina ya tashi. Me suke faɗa a waƙoƙin, in ƙwace wayar ne?" Daga wata uwa a Tudun Wada.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, ya kwantar miki da hankali. Abun da 'yarki ta faɗa gaskiya ne. Chester Bennington ya rasu ranar 20 ga Yuli 2017 yana da shekara 41, a gidansa a jihar Kalifoniya, wata biyu bayan fitowar One More Light, kuma shi ya ɗauki ransa. Tun yana raye bai ɓoye ba, ya sha faɗa a hira cewa an ci zarafinsa yana yaro, ya yi fama da shaye-shaye da ciwon damuwa shekaru masu yawa. Bayan rasuwarsa albam ɗinsu tsofaffi da sabo suka sake hawowa jadawali saboda yadda mutane suka koma musu, a watan Oktoban shekarar kuma sauran 'yan ƙungiyar suka yi taron tunawa da shi a dandalin Hollywood Bowl da ke Los Angeles, daga nan suka yi shiru na tsawon shekaru.

Maganar hukuncin kiɗa wannan ta malamai ce, su za ki tambaya. Abun da zan iya gaya miki shi ne abun da ke cikin kalmomin. Albam biyu na farko babu ashar a cikinsu, babu batsa, babu kirarin kuɗi da mata. Yawanci magana ce ta mutumin da abu ya cushe masa a ƙirji, wanda yake jin ya gaji da ƙoƙarin zama yadda ake so ya zama, ko yake faɗa da wata ɗabi'a da ya kasa bari. Daga na 2007 ne aka fara samun kalmomin da ba su dace ba a wasu waƙoƙin. Ita waƙar One More Light kanta ta'aziyya ce, an rubuta ta ne bayan rasuwar wata da suka yi aiki da ita, kuma saƙonta shi ne ran mutum ɗaya ma abun damuwa ne.

Ni shawarata Hajiya kar ki fara da ƙwace waya, don in kin ƙwace waƙar kin bar abun da ya kai shi gare ta. Shirun da rage fitar su suka fi tsaya min a rai. Ki samu lokacin da babu kowa, ko bayan isha'i ne, ki zauna kusa da shi ki ce ya saka miki wadda ya fi so ya faɗa miki me take cewa, ki bar shi ya yi magana ko da ya daɗe yana kame-kame, kar ki katse shi da faɗa. Mai yiwuwa ƙuruciya ce kawai. In kuma kin ga baya barci, baya cin abinci, ko ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko da da wasa ne, to kar a tsaya, a haɗa da addu'a a kai shi ya ga likita, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma babban asibitin da ke Barnawa a Kaduna. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinsa, kuma ba abun kunya ba ne. Ki sa mahaifinsa ko wani kawunsa da yake sakewa da shi a cikin maganar.

"Malam ranar fainal ɗin Champions League da PSG ta ci Inter muna gidan kallo aka nuno wasu suna waƙa kafin a take, mace ce ke ihun, wani ya ce wai Linkin Park ne muka ƙaryata shi. Da gaske ne?" Daga wani matashi a Gyallesu.

Ku je ku ba shi haƙuri, su ne. Ranar 31 ga Mayu 2025 a birnin Munich na Jamus, wasan da aka tashi 5 da 0. Matar sunanta Emily Armstrong, daga wata ƙungiya mai suna Dead Sara ta zo, an bayyana ta ranar 5 ga Satumba 2024 tare da sabon mai ganguna Colin Brittain, don Rob Bourdon da aka kafa ƙungiyar da shi tun 1996 bai dawo ba. Brad Delson mai jita yana nan a aikin situdiyo amma ya daina bin su yawon wasa, shi ya sa ba ku gan shi ba.

An yi ta cece-kuce kan dawowar, har wasu daga iyalan Chester sun fito fili sun nuna ba su ji daɗi ba, kuma ina ganin duk wanda ya ce shi ba zai iya jin Numb da wata murya ba yana da hujjarsa. Amma sabon albam ɗin, From Zero, da ya fito ranar 15 ga Nuwamba 2024, ka ji shi a matsayinsa kafin ka yanke. Waƙa 11 ce, rabin awa da 'yan mintuna, ba ja-in-ja. Ya hau lamba ɗaya a Ingila da Jamus, a Amurka kuma ya tsaya a lamba 2, ƙungiyar Ateez ta Koriya ta Kudu ce ta tare shi a satin. The Emptiness Machine ta kai lamba 21 a Hot 100 da lamba 4 a Ingila. Ka fara da ita, sannan Heavy Is the Crown, in waɗannan biyun ba su shige ka ba to sauran ma da wuya.

Wanda ya turo tambaya kan yadda mawaƙin Hausa zai saka waƙarsa a manhajojin saurare har a riƙa ƙirga masa, na gani, amsar tana da tsawo, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.